Yadda za ka zana sunan da ko an kifa shi sai ya karantu

Ambigiram shi ne rubutun da in ka juya takardar ƙasa ta koma sama, digiri 180 kenan, sai ka ga kalmar nan dai tana nan yadda take, ko kuma ta rikiɗe ta zama wata. Wani masani Ba'amurke, Douglas Hofstadter, ne ya raɗa masa sunan a shekarun 1980, amma tun shekarun 1970 su John Langdon da Scott Kim a Amurka suke zana irinsa. Kayan aikin ba wani tsada, fensir ne da rula da kilina da takarda mai gida-gida irin ta lissafi, sai maka, wato alƙalamin tawada mai kauri, daga ƙarshe.

Abin da ke kashe wa mutane gwiwa shi ne zaɓen kalma, mutum ya tashi ranar farko wai sai ya zana Abdurrahman, haba malam. Fara da gajere. Akwai haruffan da dama can abokan juna ne in an kifa su, n na komawa u, m na komawa w, d na komawa p, b na komawa q, su kuma o da s da x da z ko motsi ba sa yi. Masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ kam ka ɗan ƙyale su tukuna, lanƙwasar nan in ta koma ƙasa fitina ce.

Ni da sunan Nuhu nake koya wa mutane, a ƙananan haruffa, nuhu. Rubuta shi, sai ka haɗa harafin farko da na ƙarshe, na biyu da na uku. n da u kyauta ka samu, ba abin da za ka taɓa. Aikin duk yana tsakanin u ta farko da h. To duba da kyau, h ai n ce mai dogon wuya, in ka kifa ta sai ta zama u mai wutsiya a gefen dama. Ma'ana u ɗinka ta farko dole ta yarda ta ɗan fito da wutsiya ƙasa, kuma tsawon wutsiyar nan shi ne duk rigimar, in ta yi tsawo mutane su karanta nyhu, in ta yi gajarta h ɗin ta koma n su ce nunu.

A nan awon zinariya yake shigowa, wato 1 da 1.618, wanda ake kira fai. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa Yukilid, masanin lissafi Bagirke, ya yi bayaninsa: ka raba layi gida biyu yadda babban yanki zai zama wa ƙaramin kamar yadda duk layin yake wa babban. Kar lissafin ya tsorata ka, ba sai ka ɗauko kalkuleta ba, jerin Fibonachi ya wadatar, 2, 3, 5, 8, 13, 21, kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce, kuma in ka raba 21 da 13 za ka samu kusan 1.615, ka ga ai an zo gida.

Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, to auna 13 a tsawonta ka yanke. (Ita A4 ɗin kanta ba a kan awon zinariya take ba, nata 1.414 ne, mutane da yawa suna ruɗewa a nan.) Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda suka haɗu nan ne cibiya, kuma dole ta faɗo daidai tsakanin u da h. Jikin kowane harafi tsayi santimita 5 faɗi 3, tazara 2, sama da ƙasa ka bar 4-4. Wutsiyar a ƙa'ida 3 ya kamata, amma da na gwada wallahi y ce ƙiri-ƙiri, sai na sauka zuwa 2, ta zauna ɗas. Shi ya sa nake cewa awon nan ɗan jagora ne kawai, ido ne alƙali, kuma yawancin labaran da ake yaɗawa cewa duk wani gini ko zane mai kyau a duniya da shi aka yi, akwai ƙarin gishiri.

Kar ka zana kalmar duka. Zana rabi kawai, nu mai wutsiya, ka kwafe shi a wata takarda marar kauri ta hanyar manna su a gilashin taga da rana, ka kifa kwafin, ka jona a cibiya. Hannu ba ya taɓa maimaita abu iri ɗaya sak, in ka zana ɓangarorin daban-daban za ka juya ka ga ɗaya ya fi ɗaya ƙiba. Mai waya ko kwamfuta kuma kwafi ne da juyawa 180, an gama.

Kafin ka sa maka, miƙa wa wanda bai san me ka rubuta ba, ƙaninka ko wani yaro ɗan firamare, kar ka ce masa komai. In ya ce Nuhu, karɓa ka juya ka sake ba shi. In ya tsaya yana karkata kai yana harhaɗawa, koma kan wutsiyar nan da kilina.