Go, went, gone: wuraren da masu koyon Turanci suka fi tuntuɓe

Go tana cikin kalmomin farko da yaro ke koya a ajin Turanci, kuma ita ce ke ta kayar da shi har ranar jarrabawar WAEC. Haruffa biyu ne kacal, amma babban ƙamus na Oxford ya jera mata ɗaruruwan ma'anoni. Ni a ganina ba sakacin ɗalibai ne ya jawo yawancin kurakuran ba. Kowane kuskure yana da tushe, kuma wanda ya san tushen ba ya shan wuyar gyara.

Yaro ya koyi cewa walk takan koma walked, sai ya rubuta "goed". Hankalinsa bai yi ƙarya ba, kalmar ce ta bi wata hanya. A tsohon Turancin Ingila na shekaru dubu da suka wuce, sunanta gan, 'yar uwar gehen ta Jamusanci, kuma in za a faɗi abin da ya wuce sai a ce eode. Went kuwa ba ɗiyar gidan ba ce. Ta wani fi'ili ce daban, wend, mai nufin juyawa ko kama hanya, kamar yadda send ke ba da sent. A wajen ƙarni na 15 eode ta ɓace daga bakin mutanen kudancin Ingila, went ta maye gurbinta, ita kuma wend ta koma amfani da wended. A Sikotlan har yau akwai masu cewa gaed, amma mai duba takardar jarrabawa ba zai karɓi wannan ba.

Ita went, aiki ɗaya tak aka ba ta: ta tsaya ita kaɗai ta faɗi abin da ya wuce. "I went to Zaria yesterday." Ba ta bin have, ba ta bin did. Saboda haka "I have went" kuskure ne, gone ake so a wurin. Haka "Did you went?" da ake yawan ji: did ta riga ta nuna cewa abin ya wuce, sai a bar go yadda take, "Did you go?"

Wanda ya fi waɗannan muhimmanci shi ne bambancin gone da been, don yana iya sauya labari gaba ɗaya. In ka ce "My father has gone to Makka", ka gaya wa mai sauraro cewa baba ya tafi, yana can ko yana hanya. In abin da kake nufi shi ne ya taɓa zuwa ya dawo, to "has been to Makka" ne. Hausa ta raba su sarai, "ya tafi" daban, "ya taɓa zuwa" daban. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka: mutumin ya dawo? Shi ya sa a Turancin Ingila, wanda makarantunmu ke bi, mutum ba ya tsayawa a gabanka ya ce "I have gone to London twice". Ga shi a tsaye, ai ya dawo.

Sai batun to. Bahaushe yakan ce "na tafi kasuwa", ba ya buƙatar komai a tsakani, don haka ɗalibi ke rubuta "I went market". Malam ya gyara masa, ya ce a sa to. Daga nan sai ya riƙa liƙa ta ko'ina, har ya kai ga "go to home". Home a nan ta ƙunshi ma'anar "zuwa gida" tun a tsohon Turanci, ba ta son ƙari. There da abroad da upstairs ma haka suke. Ana cewa "go shopping", ba "go for shopping" ba.

Akwai kuma "I am coming" da muke faɗa muna ficewa daga ɗaki. Wannan "ina zuwa" ce aka ɗauko da kayanta aka sa mata rigar Turanci. Tsakaninmu kowa ya gane, amma Bature zai tsaya yana kallon mutumin da ke cewa yana tahowa alhali ya ba shi baya. Abin da yake faɗa shi ne "I'll be right back". Go tana nisantar da mutum daga inda ake magana, come tana kusanto shi wajen mai magana ko mai sauraro. Mai cewa tafi da taho, fita da fito, kai da kawo, ya riga ya san wannan doka tun yana goye.

"Going to" ta nan gaba ma ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Dubi "za ni kasuwa" da "za ni saya", tafiya ce ta zama alamar abin da bai faru ba tukuna, kuma Turanci ya bi wannan hanyar tun ƙarni na 15. Sai dai ba a zubar da am, is, are: "She is going to call". "I go call you" kuwa Burokan ne, harshe mai dokokinsa, amma ba shi ake nema a takardar neman aiki ba.

Wani lokaci go ba ta motsa kowa, sauyin hali take nunawa, kuma galibi sauyin da ba a so: go bad ga abincin da ya lalace, go blind ga wanda ya makance. Ba a cewa "go rich" ko "go well" ga wanda ya yi arziki ko ya warke, get ko become ake sawa. A kula da go off musamman: in fitila ce, ta mutu, in ƙararrawar agogo ce, ta fara kaɗawa, in madara ce a bakin ɗan Ingila, ta yi tsami.