Yadda Ake Zaɓen Jami'a Kafin a Cike Fom ɗin JAMB

Yawancin ɗalibanmu a cibiyar rajista suke zaɓen jami'a. Layi ya yi tsawo, mai buga bayanai yana cewa "wace makaranta za a sa maka?", sai yaro ya faɗi sunan da ya fi ji a bakin abokai. Shawarar shekara huɗu zuwa shida ke nan an yanke ta a tsaye. Wannan aiki a gida ya kamata a gama shi, da biro da takarda, makonni kafin a buɗe rajista. Kuma tambayar da za ka riƙe daga farko har ƙarshe ita ce: wace makaranta ce zan iya shiga, in kuma iya gamawa?

Mataki na farko: tsayar da kwas kafin makaranta

Babu jami'ar da ta fi ƙarfi a kowane fanni. Ka fara da abin da kake son karantawa, sannan ka buɗe kundin bayanan kwasa-kwasai na JAMB, wanda ake kira IBASS, ka ga makarantun da ke yin sa, da darussa huɗun da za ka rubuta, da kiredit ɗin da ake nema. Ƙa'idar gama-gari ita ce kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, amma kwasa-kwasai irin su likitanci galibi zama ɗaya ake so. Mutane da yawa sun ci maki mai kyau sun rasa gurbi saboda haɗin darussansu bai dace da kwas ɗin ba.

Daga nan ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar. Idan likitanci ne, sai ka ƙara duba amincewar MDCN, hukumar kula da aikin likitoci, idan injiniyanci ne COREN, ta injiniyoyi. Wanda ke tunanin tsallaka iyaka ya tuna cewa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni.

Mataki na biyu: duba inda kake da ƙafar shiga

Jarabawar JAMB maki 400 ce. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 shi ne 150, amma kada wannan ya ruɗe ka, domin kowace jami'a tana da nata, kowane sashe ma yana da nasa. Makin da zai ba ka gurbin Tarihi ba zai kai ka ko ƙofar tsangayar Shari'a ba.

Akwai kuma tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya wanda ɗalibai da yawa ba su sani ba: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda yawancin jihohin Arewa ke ciki. Ma'ana, ɗan Jigawa da ɗan Legas masu maki iri ɗaya ba su da dama iri ɗaya a Jami'ar Bayero. Ka bincika ko jiharku na cikin yankin makarantar da kake hari. Sannan ka sani cewa manyan jami'o'i ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Zaɓin farko shi ne zaɓi.

Mataki na uku: lissafin kuɗi, na shekara huɗu ba na shekarar farko ba

A nan ne ake yawan faɗuwa. A hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗin rajista, kuma da yawansu sun ninka shi a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur. Jami'o'in jiha kan bambanta ɗan jiha da wanda ba ɗan jiha ba, don haka takardar shaidar ƙaramar hukumarka tana iya rage maka kaya sosai a jami'ar jiharku. Masu zaman kansu kuwa, irin su Al-Qalam ta Katsina da aka kafa a 2005, kuɗinsu ya fi yawa, amma yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ba ya taɓa su. Wanda ya zauna a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur saboda yajin aikin, ya san cewa lokaci ma kuɗi yake ci: hayar ɗakin da aka biya ta ƙare ba a kwana a ciki ba.

Ɗauko takarda ka ja layi. Kowace makaranta ka ba ta shafinta. Rubuta kuɗin rajista, sannan wurin kwana. Gadon hostal yana da sauƙi amma ba ya isar kowa, wanda ya rasa sai haya a waje, kuma mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga kuɗin wuta, ga mai ruwa da ake saye jarka-jarka. Rubuta abinci: shinkafa da wake, taliya, garin kwaki, man gyaɗa, gas ko gawayi. Rubuta kuɗin adaidaita ko bas na kullum, da kuɗin mota zuwa gida aƙalla a ƙarshen kowane zango da lokacin Sallah. Sai data, da hoton takardun lakca, da kuɗin ƙungiyar sashe. Wasu kwasa-kwasan suna da nasu ƙarin: mai karatun zanen gine-gine yana buƙatar kayan zane da kwamfuta mai ƙarfi, mai kimiyya yana buƙatar farar riga da kayan gwaji, kowa kuma furojet na jiran sa a ajin ƙarshe. Idan ka tara, ka ninka da yawan shekarun kwas ɗin, ka ƙara wani abu a kai, domin farashin bana ba shi ne na baɗi ba.

Yanzu ka rubuta inda kuɗin zai fito, da sunan mutum. "Allah zai kawo" gaskiya ce, amma akawun makaranta rasit yake so. Idan kawu ya ce zai ɗauki nauyi, a tambaye shi cikin ladabi ko na shekara ɗaya yake nufi ko har a gama. Akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a 2024: babu kuɗin ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana fara mayarwa shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma na makarantun gwamnati ne kaɗai. Tallafin karatu na jiha kuwa ka ɗauke shi a matsayin ƙari in ya zo, kada ka gina lissafinka a kansa.

Mataki na huɗu: nisa da hanya

Kada ka auna nisa da taswira, ka auna shi da hanya. Awa nawa ne a mota? Ana iya bin ta da yamma? In mahaifiyarka ta kwanta rashin lafiya, za ka iso a ranar? Kano zuwa Zariya tafiyar safe ce, Kano zuwa Maiduguri kuwa wuni ne. Sannan ka tambayi inda ɗalibai ke kwana. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumbar 2023 daga gidajen haya na wajen makaranta aka ɗauke su, a Sabon Gida. Tambayar ko ana ba ɗan aji ɗaya gado a cikin makaranta ba ƙaramar tambaya ba ce.

Zama a gida yana rage kuɗi ƙwarai, amma shi ma yana da nasa. Ɗalibin da ke kwana a gidansu shi ne ɗan aike, shi ne mai kai ƙanne makaranta, ita kuma ɗaliba girki na jiran ta komai jarabawar gobe. In za ka yi karatu daga gida, a yi wannan magana tun yanzu.

Mataki na biyar: girman makaranta

Wannan bai kai sauran nauyi ba, amma a duba shi. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, gari ce guda tsakanin Samaru da Kongo: ga manyan farfesoshi, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ga tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata. Sai dai a aji ɗaya kana iya samun kanka a lakcar da na baya ba ya jin malami. Sababbin jami'o'in tarayya irin na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, na 2011, ko na Birnin Kebbi da Gashuwa, na 2013, cunkosonsu bai kai haka ba, kuma gasar shiga ta fi sauƙi. Mai iya neman abu da kansa babba ta fi masa. Mai buƙatar a san shi a ja shi a jiki, ƙarama.

Mataki na shida: zama da iyaye

Kada ka bari sai ka cike fom sannan a ji a gida. Kuma kada ka je da gardama, ka je da takardar lissafinka. "Baba, ga makarantu uku da na duba, ga abin da kowace za ta ci, ina neman shawararku" ya fi "ni dai can nake so" buɗe ƙofa.

Ka saurari abin da ke ƙarƙashin maganarsu. Uban da ya ce "ba za ki je Sakkwato ba" sau da yawa ba Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake ƙi ba, tsoron inda 'yarsa za ta kwana yake yi. Wannan yana da amsa: hostal ɗin mata a cikin makaranta, ko gidan goggo a garin. Wanda ya nace sai likitanci kuma aiki yake hango wa ɗansa. A nuna masa sakamakon Kimiyyar Sinadarai da na Fiziks a fili, a kuma nuna masa wasu hanyoyin lafiya kamar jinya, haɗa magunguna da gwaje-gwajen asibiti. A ganina iyaye suna da babbar murya a kan kuɗi da nisa, tunda su za su biya, su za su kwana da fargaba. Amma kwas, wanda zai zauna a ajin shi ya kamata ya fi ƙarfin faɗa, domin kwas ɗin dole yakan ƙare da kora a aji biyu. Idan magana ta cije, a nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, yayansa ko wani malami, ya sa baki. Idan kuma akwai maganar aure a gaba, a tsayar tun yanzu a wane gari za a zauna, kada a bari sai karatu ya kai rabi.

Mataki na ƙarshe: je ka gani, sannan ka cike

In da hali, ka taka zuwa makarantar ranar da ake karatu. Ka leƙa banɗakin hostal, ka ga ko famfo na zuba, ka tare ɗan aji uku na sashen da kake so ka tambaye shi yaushe sakamakon zangon da ya wuce ya fito.

A fom ɗin, kada ka raina guraben kwalejin fasaha da kwalejin ilimi. Mai ND, wato difloma ta kwalejin fasaha, ko NCE ta kwalejin ilimi, ko wanda ya ci IJMB, jarabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. In maki ya fito bai kai ba, JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas, sai ka yi da wuri kafin a rufe tantancewar da jami'o'i ke yi bayan jarabawa. Lambar waya da adireshin imel ɗin da za ka yi rajista da su su zama naka, ba na mai shago ba. Kuma duk gurbin da aka ce an samo maka, ka shiga shafin CAPS na JAMB, inda ake tabbatar da gurabe, ka gan shi da idonka, ka danna amincewa, kafin ka biya ko sisi, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba za a tura shi bautar ƙasa ba.