Fumfunar gyaɗa da masara: yadda ake tare gubarta daga gona zuwa rumbu

Kore-koren garin nan da ake gani cikin kwanson gyaɗa ko a bakin goyon masara, fumfuna ce da masana ke kira Asfajilus, kuma ita ke fitar da gubar afulatoksin. Suya ba ta kashe gubar, dahuwa ma haka. Hanta take ci sannu a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. In ta yi yawa a lokaci guda kuwa, kisa take yi: a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta lalace. Tunda wuta ba ta maganinta, dole a tare ta tun ba ta shiga ba.

Daga ƙasa fumfunar take tasowa. A yankin Garwa, Gidar da Marwa na arewacin Kamaru, idan ruwa ya ɗauke gyaɗa tana tsakiyar cika ƙwaya, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage, gara ta huda shi, to ƙofa ta buɗe. Don haka a shuka da zarar damina ta zauna, a zaɓi iri mai nuna da wuri. Kafin cira, a tuge gindi kaɗan a fasa kwanso goma: in bakwai sun yi duhu daga ciki, lokaci ya yi. Gyaɗar roro, wadda ta daɗe a ƙasa bayan cira, kada a haɗa ta da sauran.

Shanya ce uwar aikin. A kife gyaɗa kwansonta na kallon rana, kada a tara ta tsibi da ɗanyen ganye, domin cikin tsibin zafi da gumi ne, abin da fumfuna ke nema ke nan. Bayan an tsinke, a baza a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a ƙasa tsura ba, a riƙa juyawa, a rufe da dare saboda raɓa. Masara ma haka, a ɓare ta daga ɓawo a shanya ranar da aka karya. Abin da ake so shi ne laimar masara ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, ta ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8. Busasshiyar gyaɗa tana kacau-kacau in an girgiza kwanso, ƙwayar kuma ta karye ƙas a haƙori. Ga masara, a zuba tafi guda a busasshiyar kwalba da cokali biyu na busasshen gishiri, a toshe, a girgiza, a ajiye kwata na awa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da masarar rana.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a daina: yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa ko ta yi nauyi a sikeli. Aikin kwana goma na shanya ake rushewa da kwano ɗaya na ruwa.

Sai tsinta. Gubar ba ta bazu daidai cikin buhu ba, a 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa: motsattsu, fasassu, waɗanda ƙwaro ya huda da masu canjin launi. A zauna da faifai a fitar da su. Abin takaici, wannan tsintar ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara, alhali in an matse mai, a tunkuza yawancin gubar ke zama. Ba wa saniyar tatsa ma bai raba mu da ita ba, tana biyo nono. A ƙone ko a binne.

Wajen ajiya, a share rumbu a fitar da ragowar bara. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango kamar kamu ɗaya. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda dabararsa ta samo asali daga gwajin ajiyar wake da masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, reshen Marwa, suka yi da jami'ar Purdue ta Amurka, yana toshe iska ya kashe ƙwari ba tare da magani ba. Amma sai hatsi ya bushe sarai, a matse iskar, a ɗaure kowane ruɓi daban. Buhunan da ba na toshe iska ba kuwa, a riƙa zura hannu cikinsu duk wata. In an ji ɗumi ko warin rima, a zazzage a sake shanyawa a tsince.