Kurakuran da Aka Fi Yi a Shirye-shiryen Rana da na Dare a Rediyon Magana

Tashar da jarinta magana ce, wato labarai da hira da muhawara da wasan kwaikwayo, ba ta da waƙar da za ta laɓe a bayanta. In shiri ya yi lami, nan take kunne zai gane. Yawancin kurakuran da nake ji a manyan tashoshin ƙasa kuwa tushensu ɗaya ne: an manta cewa mai saurare da hantsi da mai saurare bayan isha'i, ko da mutum ɗaya ne, hankalinsa ba ɗaya ba ne.

Mai sauraron rana hannunsa na kan aiki. Tuƙi yake yi, ko girki, ko ɗinki, yana shiga yana fita. Sai mai gabatarwa ya faɗi sunan baƙonsa da ƙarfe 11:05, ya shiga hirar minti 20 bai ƙara waiwayar sunan ba. Wadda ta kunna rediyo da 11:12 tana jin murya na ta kwararo bayani, ba ta san ko likita ne ko ɗan majalisa ba, ba ta ma san cutar da ake magana a kai ba. Minti biyu za ta jure, ta murɗa gaba. Gyaran ba shi da wuya. Duk bayan minti huɗu ko biyar a ce, "Idan yanzu kuka kama mu, muna tare da likitar yara, muna magana kan zazzaɓin jarirai." A situdiyo maimaicin kan gundure ku, amma ba ku ake yi wa ba.

Haka batun rubutu. Jarida ana komawa baya a sake karanta layi, rediyo kuwa in ta wuce ta wuce. Jimla mai reshe uku da alkaluma huɗu ta ido ce. Maimakon kashi 49.7 cikin ɗari, a ce kusan rabi. Furodusa ya karanta rubutunsa da ƙarfi kafin ya miƙa, duk inda numfashi ya yanke masa ya sa aya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne shirin kiran waya. An buɗe layi, an jefa wa mai gabatarwa duk wanda ya fara shigowa. Na farko ya cinye minti biyu yana gaisuwa da jinjina wa ma'aikata. Na biyu bai rage rediyonsa ba, ƙara ta cika ko'ina. Na uku shi ne dai wanda ya kira jiya da shekaranjiya, da ra'ayinsa guda da bai taɓa canzawa ba. Kafin a ankara rabin awa ta tafi, baƙon da aka ɗauko yana zaune yana kallon makirufo. Kowane kira yana buƙatar mai tacewa: ya ɗauka tun kafin a sa a iska, ya ji abin da mutum zai faɗa, ya ce masa ya kashe rediyo, ya rubuta wa mai gabatarwa suna da gundarin magana a layi ɗaya. Shi ne kuma zai lura in maza biyar sun shigo a jere, ko duk kiran daga babban birni yake fitowa, alhali tasha ta ƙasa ce baki ɗaya. Na'urar jinkirta sauti ta 'yan daƙiƙu, galibi bakwai ake ambata, tana ba injiniya damar datse zagi ko ƙazafi kafin ya fita. Tashar da ke ɗaukar kira kai-tsaye ba tare da ita ba, da wuta take wasa.

Sai agogo. Tun 1924 BBC ke buga sautin nan shida na cikar awa, kuma mutane da shi suke saita agogonsu. Labaran ƙarfe ɗaya da suka fara ɗaya da minti uku sun riga sun karya alkawari. Daga ƙarshen shiri ake lissafo lokaci zuwa farko, a san minti nawa ne za a sallami baƙo. Yawan sauya wa shiri lokaci ma kuskure ne, domin sauraro sabo ne. Shirin Woman's Hour na BBC tun 1946 yake, All Things Considered na NPR a Amurka tun 1971, kuma rabin ƙarfinsu shi ne mutane sun san inda za su same su.

Da dare masu sauraro kan ragu saboda talabijin, shi ya sa wasu tashoshi ke mayar da daren juji. A kwaso shirin safe a sake sakawa yadda yake, har ka ji ana "barkanmu da safiya" da ƙarfe tara na dare, ana ba da lambar waya ga layin da babu kowa a kansa. Maimaici ba laifi ba ne, amma a gyara shi, a yanke gaisuwar da lambar, a faɗa cewa naɗaɗɗe ne. Ni dai a ganina mai sauraron dare ya fi cancantar a yi masa sabon abu, don shi da niyya ya zo, ya ajiye aiki, zai iya bin hirar minti 45 ko wasan kwaikwayo har ƙarshe. Muryar gaggawa irin ta shirin safe ba ta dace da shi ba, a sassauta, a bar baƙo ya kai aya.

Akwai kuma abin da tashoshin da ke watsa shiri a matsakaicin zango ke mantawa. Bayan faɗuwar rana siginarsu kan dawo daga sararin sama ta sauka nesa ƙwarai, har ƙetaren iyaka. Saboda haka a riƙa faɗin sunan tasha, a cika sunan gari da na hukuma, kada a ce "nan cikin gari" kamar kowa maƙwabci ne.

Ƙarfin sauti ma da dare ya fi damun mutane. Mutum ya ƙara murya don ya ji baƙo mai magana ƙasa-ƙasa, sai talla ta faɗo kamar aradu ta tashi yaran da ke barci. Ƙungiyar kafafen watsa labarai ta Turai ta fitar da ma'aunin ƙarfin sauti mai suna R128 a 2010 saboda irin wannan, amma ko babu na'urar awo, injiniya ya saurari talla da taken shiri a ƙaramar rediyo, ya daidaita su da muryar mai gabatarwa kafin su hau iska.