Yadda ake horar da masu jagorantar tattaunawa a ajin manya

Yawancin tarukan bita na horar da jagorori tun ranar farko suke lalacewa. A tara mutum talatin a ɗaki, a jera kujeru layi-layi, wani ya tsaya a gaba da furojekta ya yi awa uku yana lacca a kan muhimmancin barin mutane su yi magana, su kuma suna zaune suna hamma ba wanda ya ce uffan, a ƙarshe a raba satifiket a ce kowa ya je ya jagoranci tattaunawa a rukuninsa. To me kake zaton za su yi in sun je? Abin da suka ga an yi musu shi za su je su maimaita a kan mutane. Don haka in an ɗora maka horar da jagorori, ka sa a ranka cewa yadda ka tafiyar da bitar shi ne darasin, sauran duk ƙari ne. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Ka fara da zaɓen mutanen. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauko wanda ya fi kowa iya magana ko wanda ya fi takardu. Mai baki yana da amfaninsa amma ba shi muke nema ba. Ka nemi wanda mutanen rukunin suka yarda da shi, yana jin yarensu, yana iya rubutu da karatu daidai gwargwado, kuma in ana magana da shi yana bari ka kai aya. In da hali ma mutanen da kansu su nuna wanda suke so. Tsofaffin malaman makaranta kuwa ka karɓe su amma ka san cewa su ne za su fi ba ka aiki, don hannunsu ya saba da alli kuma bakinsu ya saba da ba da amsa.

Kada su wuce mutum 15 zuwa 20, in sun fi haka ba kowa zai samu damar gwaji ba. Kwana biyar shi ne mafi ƙanƙanta a ganina. Kujeru a yi da'ira, teburin manyan baƙi a fitar da shi waje, kai ma ka zauna a cikin da'irar kamar kowa.

Ranar farko kada ka buɗe da bayani. Ka raba su bibbiyu ka ce kowa ya ba abokinsa labarin wani abu da ya koya bayan ya girma, tuƙi ne ko ɗinki ko amfani da waya ko ma menene, wa ya koya masa, me ya sa abin ya zauna, sannan ya tuno wani lokaci da aka yi ƙoƙarin koya masa abu ya ji kamar ya tashi ya gudu. Minti goma ya isa. In sun dawo da'ira ka rubuta abin da suka faɗa a babbar takarda da kalmominsu, kada ka gyara musu. Za ka ga abu ɗaya ne yake ta dawowa: na koya don ina buƙatarsa a lokacin, an bar ni na taɓa da hannuna, ba a kunyata ni a gaban mutane ba. A nan ne za ka iya gaya musu cewa abin da suka fitar yanzu kusan shi ne abin da Malcolm Knowles, wani masanin ilimin manya ɗan Amurka, ya yi suna da shi, wato babba yana zuwa aji da tarin abin da ya sani a rayuwa, yana son ya san dalilin koyon abu kafin ya koya, kuma ya fi kama abin da zai magance masa matsalar yau. Sunan masanin ya zo daga baya, bayan su sun riga sun gano abin da kansu, hakan yana sa su ji cewa kawunansu ma akwai kaya a ciki.

Labari ɗaya da nake so kowane jagora ya ji shi ne na Paulo Freire, masanin ilimi ɗan Brazil. A 1963 a garin Angicos shi da mutanensa sun koya wa manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin kwana 45. Kafin su fara sai da suka shiga cikin mutane suka saurari kalmomin da suke amfani da su kullum, daga nan suka gina darasi, kuma ana fara zama ne da hoto a tattauna a kai kafin a zo ga harafi. Shi ne ya kwatanta koyarwar da aka saba da ajiya a banki, malami ya zuba ɗalibi ya adana ranar jarrabawa a cire. Ka ba da labarin a minti biyar ka wuce, kada shi ma ya zama lacca.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, kuma a nan nake so ka kashe kwana ɗaya cur ko ma fiye: tambaya da shiru.

Sabon jagora tsoron shiru yake kamar me. Na taɓa zama a bayan wani da muke horarwa, mutum mai himma sosai, ya tambayi rukuni me ke hana manya dawowa aji bayan sati biyu, tambaya mai kyau wallahi, amma ko numfashi bai sauke ba ya ɗora da “rashin lokaci ne ko? ai rashin lokaci ne”, kowa ya gyaɗa kai ya juya ya rubuta rashin lokaci a allo, alhali akwai wata baiwar Allah a gefen dama da ta riga ta buɗe baki za ta yi magana, na ga ta mayar da bakinta ta rufe ta gyara zama. Da aka tashi na tambaye ta me ta so faɗa, ta ce ita abin da ya taɓa korar ta daga aji shi ne an sa ta karatu a gaban mutane ta kasa aka yi dariya. Wannan amsar ta fi rashin lokaci nauyi nesa ba kusa ba, kuma ta ɓace saboda gaggawar sakan biyu.

An ma yi bincike a kan wannan. Mary Budd Rowe, malamar kimiyya a Amurka, ta auna a wajen shekarun 1970 ta ga malamai kusan sakan ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya, kuma in suka ƙara jiran ya kai sakan uku ko fiye sai amsoshi su ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana su fara magana. A kan yaran makaranta ta yi aikin amma babba ya fi buƙatar jiran, don shi sai ya auna mutuncinsa kafin ya buɗe baki. Saboda haka ka sa su gwada a rukunin mutum uku-uku, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa, na uku ya riƙe agogon waya yana ƙirga sakan nawa mai tambaya ya iya jurewa. Ka ce su ƙirga biyar a zuci kafin su sake cewa komai. Da farko dariya za su yi ta yi, ka bar su.

Sai irin tambayar kanta. Ka rubuta tambayoyi goma marasa kyau ka ba su su gyara. “Kun gane?” ba tambaya ba ce, kowa zai ce eh don a wuce wurin. “Ba kwa ganin tsafta tana da muhimmanci?” wannan amsar tana cikinta. Su mayar da su irin “yaya abin ya faru?”, “wa ya taɓa ganin haka, ba mu labari”, “wa yake da wani ra'ayi daban?”. Kuma ka koya musu mayar da tambaya, in ɗan rukuni ya tambayi jagora abu, kafin ya amsa ya juya ya ce jama'a me kuka gani, sau da yawa amsar tana nan zaune a da'irar, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma fa a kula, in abu ne na gaskiya ko ƙarya kamar yadda ake shan magani, kuma rukuni ya tafi a kan kuskure, jagora ya faɗi daidai ko ya ce zai tambayo wanda ya sani. Barin mutane su yi magana ba lasisin barin kuskure ya zauna ba ne.

Bayan nan ka kawo kayan aiki, guda uku ko huɗu sun isa, kada ka cika musu buhu. Taswirar wurin da mutane suke zaune, su zana a ƙasa da sanda da tsakuwa da ganye. Kalandar shekara, a nuna watan da aiki ya fi yawa da watan da ciwo ya fi yawa. Jera matsaloli, a ba kowa tsakuwa goma ya raba a kan abin da ya fi damunsa. Amfanin ƙasa da tsakuwa shi ne wanda bai iya riƙe biro ba shi ma yana da hannu a ciki, kuma in an yi kuskure a share da ƙafa ba wanda ya ji kunya. Robert Chambers na cibiyar nazarin ci gaba da ke jami'ar Sussex a Ingila, wanda ya yaɗa irin waɗannan dabaru, yana yawan cewa a miƙa sandar, wato wanda ya zo daga waje ya ba mutanen wurin sandan nuni su su yi bayani. Ka ɗauki maganar yadda take, ka sa ido ka ga a hannun wa sanda ko alƙalamin rubutu yake yawan zama yayin gwaji. Ƙungiyar agaji ta ActionAid ta haɗa tunanin Freire da waɗannan dabaru ta fitar da tsarin Reflect, an gwada shi daga 1993 zuwa 1995 a Uganda da Bangladesh da El Salvador, a can taswirar da mutane suka zana ita ake kwafewa a takarda a ciro kalmomi da lissafi daga cikinta, ba a zuwa da littafin karatu da aka rubuto daga wani wuri.

Rabin kwanakin bitar gaba ɗaya ya tafi a gwaji, da koyo akan iya. Kowane mutum ya jagoranci zama na minti goma zuwa sha biyar aƙalla sau biyu, sauran su zama 'yan rukuni. Wannan salon na ɗan gajeren darasi a duba a gyara a sake, a jami'ar Stanford ta Amurka aka fara shi a 1963 don horar da malamai, har da ɗaukar bidiyo, yanzu kuwa kowace waya za ta yi in mutumin ya yarda. Kafin a fara ka raba wa mutum uku ƙananan takardu a ɓoye, ɗaya shi ne sarkin surutu, ɗaya ba zai ce komai ba sai an neme shi, ɗaya kuma mai gardama. Ka ba wani aikin zana da'irar a takarda yana sa ɗigo a gaban duk wanda ya yi magana. In an gama a ɗaga takardar kowa ya gani, ba sai ka ce komai ba, jagora zai ga ɗigo goma sha biyu a gabansa da fili fetal a gaban mutum bakwai.

Wajen gyara akwai tsari kuma kada ka bari a karya shi. Wanda ya yi gwajin shi zai fara magana, me ya ji, me zai canza. Sai 'yan rukuni su faɗi abin da suka gani da idonsu, “lokacin da ka juya mana baya kana rubutu sai hira ta mutu”, irin wannan, banda “ba ka iya ba” ko “ka yi ƙoƙari” don duk biyun ba sa gyara kowa. Kai mai horarwa kai ne na ƙarshe kuma abu ɗaya ko biyu kawai za ka faɗa. Sannan ya sake gwadawa, in ba a sake ba gyaran ya tafi a iska.

Sarkin surutu fa ba a kunyata shi, sau da yawa shi ne mai tara mutane, in ya yi fushi zai tafi da rabin rukuni. A ba shi aiki, riƙe lokaci ko rubutu, ko a ce bari mu ji daga waɗanda ba su yi magana ba tukuna, ko a fasa rukunin zuwa mutum uku-uku inda ba zai iya danne kowa ba. Mai shiru kuma kada a nuna shi da yatsa a tsakiyar mutane, a fara da shi a bibbiyu. In akwai wanda ake jin nauyinsa a wurin har mutane ba sa iya magana a gabansa, a raba rukunin na ɗan lokaci a dawo a haɗa abin da aka samu ba tare da kiran suna ba. Rigima kuwa ka gaya musu tun yanzu za ta zo, Bruce Tuckman, wani masanin halayyar ɗan adam ɗan Amurka, ya rubuta a 1965 cewa rukuni yakan bi ta matakin saɓani kafin ya daidaita ya fara aiki, don haka in sati na uku aka fara musu ba alamar rushewa ba ce lallai.

Kafin a rufe bitar a fita wajen mutane na gaske ko da sau ɗaya ne, bibbiyu, ɗaya yana jagoranci ɗaya yana lura, da izinin mutanen kuma a gaya musu gwaji ne. Abokan bita suna da sauƙin kai, suna son ka yi nasara, mutanen waje kuwa in ka gundure su tashi za su yi su tafi.

Sai bibiya, wadda ita aka fi yin watsi da ita da zarar an ɗauki hoton rufe taro. Cikin wata na farko ka ziyarci kowane jagora a rukuninsa, ka zauna a baya ka yi shiru, in ya yi kuskure kada ka gyara shi a gaban mutanensa, ku yi maganar bayan an watse. Su kuma jagororin su riƙa haɗuwa duk wata ko da awa biyu ne, kowa ya zo da zama ɗaya da ya yi daɗi da ɗaya da ya ƙi, a sake buga wanda ya ƙi ɗin a da'ira wani ya gwada tasa dabarar. Ka tafi da takardar ɗigon nan duk ziyarar da za ka je, ka ajiye ta wata na farko, in ka dawo a wata na uku ka sake zana wata ku ɗora su gefe da gefe ku duba tare.