Yadda Ake Kallon Tsofaffin Fina-finan Noir a Bikin Fim

Fina-finan da ake kira noir su ne na laifi da zamba da cin amana waɗanda Hollywood ta shirya cikin baƙi da fari, galibi tsakanin 1941 da 1958, kuma masu sharhin fim na Faransa ne suka raɗa musu wannan suna a 1946. An ɗauke su ne domin babban allo da zaure mai duhu, saboda haka duk wanda ya samu damar halartar bikin da ake haska su, ya kamata ya shirya wa kallon sosai.

Da farko sai a zaɓi biki. Mafi shahara shi ne Noir City, wanda marubuci Eddie Muller ya soma a San Francisco ta Amurka a 2003, ake kuma yin sa a watan Janairu. Kuɗin da ake samu yana shiga gidauniyar Film Noir Foundation, wadda ke ceto tsofaffin fina-finan da suka kusa salwanta. A Italiya kuma akwai bikin tsofaffin fina-finai mai suna Il Cinema Ritrovato na birnin Bologna a ƙarshen Yuni. Kafin sayen tikiti a duba jadawali, domin yakan bayyana ko za a haska fim daga zare mai milimita 35 ko daga kwafin kwamfuta. Idan da zaɓi, na fi son zare, duk da ƙarce-ƙarcen da ke jikinsa, saboda baƙinsa ya fi zurfi. Mai lura zai ga ɗan ɗigo ya ƙyafta a kusurwar dama ta sama kusan duk minti 20, alamar da ke sanar da mai majigi lokacin sauya zare.

A isa da wuri, a zauna a tsakiya, domin hoton wancan zamani bai kai na yau faɗi ba. A kashe waya gaba ɗaya, tun da hasken waya ɗaya tak yana ɓata wa sahu guda kallo.

Da an fara, a sa ido kan haske da inuwa fiye da fuskar jarumi. Daraktoci irin su Fritz Lang da Robert Siodmak, waɗanda suka baro Jamus a zamanin Hitila, sun zo da salon da inuwa ke ɗauke da rabin labari. Idan hasken da ya ratso tagar ofis ya zana layi-layi a fuskar mutum tamkar sandunan kurkuku, an riga an gaya wa mai kallo makomarsa tun kafin ya buɗe baki. Haka nan titin da ruwa ya jiƙa da hayaƙin taba, duk ba ado kawai ba ne.

Akwai kuma dokar tace fina-finai ta Hollywood da aka tsaurara a 1934, wadda ta hana nuna batsa, ta kuma wajabta cewa mai laifi ya girbi abin da ya shuka. Wannan ya tilasta wa marubuta yin magana a kaikaice, kuma a nan gwanintarsu take, domin kunna wa mace taba ko rufe ƙofa a hankali kan ɗauki ma'anar da ba a yarda a furta ba. Tun da an san mai laifi ba zai tsira ba, abin bibiya shi ne yadda kwaɗayi ke jan sa taki bayan taki. Idan kuma jarumin ne ke ba da labarin da bakinsa, kada a gaskata duk abin da ya faɗa.

A Noir City akan haɗa fim biyu a zama ɗaya, kuma bai kamata a tashi bayan na farko ba. Na biyun sau da yawa gajere ne da aka yi da kuɗi kaɗan, irin wanda samunsa a wani wuri yake da wuya.