Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen haɗa murhun ɗumama shago

Duk shekara da hunturu ya kama, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Janairu, kowane mai shago a nan Jos sai ya tuna da sanyi, kafinta na so, tela na so, bakanike na so, har masu kiwon kaji suna zuwa a yi musu abin da zai ɗumama ɗaki, su kuma yaran da suka koyi riƙe walda jiya sai su ce ai murhu ne kawai, a samo tsohuwar tukunyar gas a huda mata baki a sa ƙafa shikenan. Gaskiya na gaji da gyaran aikin da wani ya ɓata, shi ya sa na ce bari in rubuta, mai ji ya ji.

Zan fara da yankan tukunya domin shi ne ya fi ƙona min rai. Wani mutum ya taɓa kawo duro shagona ina kasuwa sayen ƙarfe, ya ce wa yarona ai babu komai a ciki, ya fi shekara a ajiye a bayan gida, a yanka masa kawai yana sauri. Yaron nan bai jira ni ba ya ɗora giranda, injin yankan ƙarfe, ashe sinadarin tsinka fenti aka taɓa zubawa a ciki, tartsatsi na shiga murfin ya tashi ya huda kwanon rufi, hannunsa ya ƙone, kunnensa ɗaya har yau ba ya ji sosai da shi. Kuɗin asibiti duk ni na biya kuma ba shi ne ya dame ni ba, tsayawa gaban mahaifinsa da ya damƙa min amanar ɗansa ina bayani shi ne abin da ba na fatan wani maigida ya gani. Jama'a ku gane, duron da babu komai cikinsa shi ne mai haɗari, saboda tururin man da ya rage ya gauraya da iska yana jiran tartsatsi ɗaya tak. Tukunyar gas ma haka, gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan tukunya, don ka buɗe kai ka ji ya daina huci ba yana nufin ya fita ba. Kuma kar ka ce za ka gane da hanci, warin nan yana manne wa ƙarfe ko da gas ko babu.

Ni yadda nake yi, in fitar da ita fili nesa da duk wata wuta in buɗe ta huce, sannan in kwance kan da sifana da hannu, ba guduma ba bugu, in ɗura ruwa da omo har ya tumbatsa, ta kwana a haka, in zubar in sake cikawa, kuma lokacin yanka ruwan yana ciki ɗan ƙasa da layin da na zana. Wasu ogogi suna cewa ɗurawa ɗaya ta isa, to su yi nasu, ni dai biyu nake yi. Duron da ba a san me aka zuba masa ba kuwa ko kyauta aka ba ni ba ya shiga shagona.

Sai maganar hayaki, kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Mutum zai kashe kuɗi a jikin murhu, ƙofa mai sakata, hannu mai ado, fenti baƙi, amma bututu sai ya ce daga baya, ko ya ce ai gawayi zan sa, gawayi ba ya hayaki. Haba malam! Wanda ba ka gani ɗin ai shi ke kisa. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, ita ce dai wadda take kashe iyali guda in sun kwana da janareto a cikin gida. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mutum ya ɗauka zazzaɓi ne ya sha magani ya ƙara jan bargo, in barci ya ɗauke shi kuma sai yadda Allah ya yi.

Akwai wani tela da na yi wa murhu da bututunsa da komai, ya ce shi zai sa a kafa masa, ashe mai gidan ya hana a huda kwano, shi kuma maimakon ya dawo mu nemi hanya ta bango sai ya jingine bututun a lungu ya ci gaba da hura gawayi, ga yaransa biyu suna kwana a shagon sun toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda sanyi. Da asuba sai ɓalle ƙofa aka yi, aka kwashe su ranga-ranga zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. To ka san me aka yi ta faɗa a unguwa? Wai murhuna ne ya kusa kashe yara. Ba wanda ya tambayi ina bututun, na daɗe mutanen layin nan ba su kawo min ko gyaran ƙofa ba. Tun daga nan ba na ba kowa murhu a hannu, ni zan je in kafa bututun da kaina in ga hayaki ya fita sama, in ba ka yarda ba ga kuɗinka.

Bututun nan shi ke jan wutar gaba ɗaya, iska mai zafi tana hawa sama sai ta jawo sabuwa ta ƙasa, in ya yi gajere ko ya yi siriri murhun ba zai ja ba sai dai ya dinga amayar da hayaki ta ƙofa. Ga tukunya mai kilo 12.5 bututu mai faɗin inci 4 nake sawa, in duro ne inci 6, tsayi kada ya gaza mita 3 zuwa 4, kuma ya wuce tsinin rufi da kamar ƙafa 2, ba wai a leƙo da shi ta taga a bar shi ƙarƙashin kwano iskar hunturu tana maido da hayakin ciki ba. Gwiwa, wato lanƙwasar bututun, kada ta wuce biyu, inda ya kwanta ma ya ɗan dinga hawa. Wajen haɗa guntaye na sama ne yake shiga cikin na ƙasa, yara da yawa suna juyawa, sai baƙin ruwan nan mai kamar kwalta ya dinga tsiyaya a waje yana ɓata kaya. A sa masa hula a kai. Inda ya ratsa rufi kuma a nisanta shi da katakon rufi da silin, ni nakan zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi iska tana wucewa tsakani. Sannan dan Allah a bar wata kafa a ɗakin da iska za ta shigo, wuta ma numfashi take yi.

Farin bututun ruwa mai shafen zinki, wanda ake samu da araha a wajen masu gwangwan, kar ka kusantar da shi wuta, in ya yi zafi ko ana masa walda farin hayaki yake fitarwa, da dare ka ji zazzaɓi da rawar sanyi da ƙirji ya riƙe, kuma madarar gwangwani da masu walda suke sha ba ta maganin komai. Baƙin ƙarfe za ka nema, ko a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko nan gida duk akwai.

Sauran ƙananan bari in bi su da sauri. Falankin ƙarfe da kaurinsa bai kai milimita 3 ba ba ya kai baɗi. Siminti ba ya jure wuta, tsagewa yake, jan bulo ko yumɓu da yashi nake shafewa a ciki, dutsen rafi kuwa yana iya fashewa saboda ruwan da ke cikinsa. A yi masa raga da rodi mai milimita 16 toka ta dinga zuba ƙasa, a yi ƙaramar kafar iska mai zamiya a ƙarƙashin ragar don ka iya rage wuta. Ɗan falanki a ƙasan bakin bututu yana sa harshen wuta ya zagaya kafin ya fita, in babu shi tsuntsaye kake ɗumamawa, itacenka yana ƙarewa a banza. Ƙafafu su buɗe sosai, na sha ganin wanda yaro zai ture da gwiwa.

Kafintoci ku kuma ina da magana da ku. Ka ajiye murhu kusa da tarin garin katako da galan ɗin sinadarin fenti sannan ka tafi sallah, me kake jira ya faru? Mita ɗaya aƙalla tsakaninsa da duk abin da zai kama, ƙasa a jera bulo, bokitin yashi a gefe. Guntayen filawud da katako mai fenti da leda da taya ba makamashi ba ne, guba kuke shaƙa. Ɗanyen itace kuma shi ke tara kwalta a bututu har wata rana bututun kansa ya kama da wuta yana ruri. Makanikai masu son a yi musu murhu mai ɗiga baƙin mai, ni ba na yi, ɗigon ruwa kaɗan a cikin man sai ya yi tsalle ya watsa wuta, ku nemi wani. Kunna wuta da fetur kuwa ba sai na faɗa ba.

In ka gama haɗawa kar ka shigar da shi shago ranar, ka hura masa wuta mai ƙarfi a fili tsohon fentin tukunyar ya ƙone ya gama warinsa. Bayan ka kafa, ka ƙona takarda a ciki bututun ya ɗumama, sannan ka kawo turaren tsinke bakin kafar iska, in ka ga hayakin turaren yana shigewa ciki to yana ja, in yana dawowa fuskarka a ƙara tsayin bututu kafin a sa itace. Tokar da ka kwashe kuma a bokitin ƙarfe za ta zauna a waje, ba a kwali ko buhu ba, garwashi yana kwana da ransa a cikinta har washegari.